Makomar Kalmar da Aka Ƙyale

Mai albasa daga Aliero yana ciniki a kasuwar Jega, bai kula da hayaniya ba, amma da ɗan kamasho ya ambaci Maiyama, inda za shi, sai ya waiwaya. Ashe ƙwaƙwalwa tana tace maganar da aka ƙyale. A 1959 Neville Moray ya nuna cewa wasu mutane sukan tsinci sunansu a kunnen da aka ce kada su saurara da shi. A 1961 kuwa Doreen Kimura ta gano cewa an fi riƙe kalmar da ta shiga ta kunnen dama, domin hanyarta ta fi ƙarfi zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, mazaunin harshe ga yawancin mutane. Saboda haka ɗalibi mai karatu kusa da rediyo, ko ma'aikaci mai rubutu cikin hira, hankalinsa a rabe yake ko bai sani ba.