Gayya a Fagen Gasar Mutum-mutumi



An nemi in yi magana a kan tarbiyyar yaranmu, ni kuwa na ga ya dace in ɗauko misali daga nesa. A watan Yulin 2017 aka yi gasar FIRST Global ta farko a birnin Washington na Amurka, inda matasa daga ƙasashe fiye da 150 suka hallara, kowace ƙasa da mutum-mutumin da yaranta suka ƙera. Kayan haɗi iri ɗaya aka aika wa kowa. Aikin na'urar shi ne ta ware shuɗɗan ƙwallaye, masu wakiltar ruwa mai tsabta, daga masu ruwan lemo, wato ƙazanta.

Tsarin gasar shi ya fi burge ni. Ba a barin ƙasa ta shiga fili ita kaɗai. Uku ake haɗawa su kara da wasu uku, a zagaye na gaba kuma a sake rabo. Wanda kuka fafata da shi da hantsi yana iya zama abokin tafiyarka da la'asar, saboda haka idan na'urarsa ta lalace, taya shi gyara ribarka ce. Kakanninmu sun san wannan dabara a gona tun kafin a ƙago kwamfuta, gayya suke ce mata.

A wannan gasa akwai 'yan mata shida daga birnin Herat na Afganistan. Sau biyu suna niƙar gari zuwa Kabul neman biza, sau biyu ana hana su. Kayan haɗinsu suka daɗe a hannun kwastan. Sai ana saura kwanaki kaɗan aka ba su izinin shiga Amurka. Ba su zo na ɗaya ba, amma an ba su lambar azurfa ta jarumta. A bayansu kuwa akwai 'yar kasuwa 'yar ƙasarsu, Roya Mahboob, wadda ta tsaya musu tsayin daka.

Nan nake so ku dube ni da kyau, ku mutanen birni. Shekarun da na yi riƙe da alli sun nuna mini cewa rashin kayan aiki bai cika kashe zuciyar yaro ba. Abin da ke kashe ta shi ne ya dawo daga gasa an kayar da shi, ya tarar da dariya ko shiru. Wasunmu ma sai an ciyo kofi ake ganin babbar rigarsu.

Roƙona ga ƙungiya shi ne a kafa kulob ɗin kimiyya a sakandarenmu, maza da mata, a saya musu batura da wayoyi da ƙananan injuna. Injiniyoyinmu kuma, duk wanda ya zo hutun Sallah ya ware yini guda ya zauna da yaran, ya ga abin da suka haɗa, ya tambaye su inda ya ƙi aiki.