Jawabi: Mu Tsare Bakin Tabki da Itatuwan Ƙasarmu



Maganata ta yau a kan tabki ce. Kowa ya shaida, tabkunan da ke kai mu tsakiyar rani a da, yanzu da yawa ba su wuce kaka. Muna cewa ƙarancin ruwan sama ne. Gaskiya ne an yi fari a 1973 da 1984, itatuwa da bisashe sun hallaka. Amma akwai wani dalili. In bakin tabki ya zama fili, ruwan damina yakan kwaso yashi da laka da kashin dabbobi ya zuba ciki. Tabki ya cike, ruwa ya yi dagwalo, shanu su sha su rame. Saniyar da ta rame kuwa, dillali ya san kuɗinta.

Maganin yana hannunmu, kuma ba sai an kawo shi daga waje ba. Bagaruwa tana jure tsayuwar ruwa, wurinta bakin tabki. Gamba, saiwarta tana riƙe ƙasa, tana tace ruwa kafin ya faɗa. Can sama kuma a bar gawo, da aduwa, da magarya, da kalgo, da sabara. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya fitar da sabo da rani, ga ƴaƴansa lokacin da ciyawa ta ƙare. A inuwarsu tsuntsaye da zuma da zomaye suke samun mazauni.

Ku yi hattara da baƙon icce. An kawo wani mai ƙaya daga Amurka, ana ce masa furozofis, don tsayar da hamada. A yankin Tafkin Cadi, wajen Gigimi, ya yaɗu har yana toshe wa garke hanyar ruwa. Turare kuma yana girma da sauri, amma shan ruwa gare shi, bisashe ba su cin ganyensa.

Ku dubi abin da manoman Maradi suka yi tun wajen 1983, wanda ake kira sassaben zamani. Ba su sayi iri ba. Kututturen da ya tofo suka riƙa bari, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, su sare sauran. An ƙiyasta hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta haka. Mu ma muna da rabonmu, don ƙwayar gawo da bagaruwa ta fi saurin tsira in ta bi ta cikin akuya. Shuka muna yi, tsaro ne ba mu yi.

Don haka ga roƙona guda huɗu. Na ɗaya, a ware mashiga ɗaya ko biyu a kowane tabki, a daina barin garke yana faɗawa ta ko'ina. Na biyu, a kewaye ƙananan itatuwa da ƙaya har su fi ƙarfin akuya. Na uku, mai saran ganye ya rage reshe, kada ya aske icce ƙwal. Na huɗu, kada kowa ya yi dashe shi kaɗai, don gobe wani zai ce wurin gonarsa ce. A tafi tare da manoma da mai gari gaban kwamitin filaye, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta cewa tabki da burtalinsa na jama'a ne. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar mana da haƙƙin yawo da bisashe, amma takarda ba ta riƙe ruwa.

Dillalai, ku ma ku sa hannu, ko da kuɗin aikin shinge ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu.