Kada Musayar Fili Ta Cinye Hanyar Jama'a

Jawabin da aka yi wa manoma da makiyaya a Barnawa, Kaduna ta Kudu

 

Maganarmu ta yau a kan hanyar ƙafa ce. Wato hanyar gona, da hanyar rafi, da hanyar maƙabarta, da burtalin shanu. Kowa yana bin su, amma ba su da takarda. Saboda haka su ne suke fara ɓacewa idan gwamnati ta yi musayar fili.

Mene ne musayar fili? Gwamnati ce take ba kamfani fili. Shi kuma kamfani, maimakon kuɗi, sai ya yi mata tituna, ya ja ruwa da lantarki. An yi haka a Abuja. A shekarar 2012, zamanin Minista Bala Mohammed, aka fito da wannan shiri. Ya shafi ƙauyuka irin su Ketti da Waru. Mutanen ƙauyukan, da yawansu Gbagyi, sun nuna rashin yarda. Sun tambaya, ina za a kai su? Ina za su yi noma? Wa zai biya su diyya?

To, me ya haɗa mu da Abuja? Ku dubi Barnawa da Narayi da Kakuri. Dattawa sun san lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa a nan. Yau gari ya cinye su, kuma yana ƙara miƙewa zuwa ƙauyukan kudancin kogi. Abin da ya faru a can yana iya zuwa ƙofarmu.

Ya kamata mu san doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, amana ce don jama'a. Yana da ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Dole a sanar da mai filin. Diyya kuwa a kan gini da shuka da itatuwa ake biyan ta. To, hanya ba gini ba ce, ba shuka ba ce. Ba ta da mai ita da za a aika wa takarda. Ran da aka ja katanga, mai lambu a bakin kogi sai ya yi dogon zagaye da kaya a ka. Makiyayi ya rasa burtali, shanu su faɗa gonar wani. Daga nan rigima take tashi.

Wannan damuwa ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Ingila ma an yi ta. Can mutane suna son yawo a ƙafa cikin duwatsu don motsa jiki. Masu ƙasa suka hana su. A watan Afrilu na 1932, ɗaruruwan mutane suka hau wani tsauni mai suna Kinder Scout, kusa da Manchester, don nuna fushinsu. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1949 aka yi doka, aka umarci hukumomin yankuna su zana hanyoyin ƙafa a taswira. Hanyar da ta shiga wannan taswira, mai fili ba shi da ikon toshe ta yadda ya ga dama. Darasinmu a nan shi ne rubutu da taswira.

Ga abin da za mu yi, tun ran gini tun ran zane.

Na farko, ku zauna da mai unguwa da dattawa. Ku lissafa kowace hanya da burtali da mashaya. Ku rubuta inda ta fara da inda ta ƙare, da masu bin ta.

Na biyu, ku kai kwafi ga hakimi, da ƙaramar hukuma, da KADGIS, hukumar da ke riƙe da takardun filaye a Jihar Kaduna. Ku nemi a buga muku hatimi a naku kwafin, ku adana shi.

Na uku, idan kun ga masu awo suna kafa turaku, ku tambaye su cikin ladabi. Wane ofishi ya aiko su? Ku nemi ganin taswira. Kada ku cire turaku, kada ku taɓa kowa.

Na huɗu, kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Idan an yi alkawarin barin hanya, a rubuta faɗinta da wurinta a cikin yarjejeniya.

Na biyar, ku tafi tare. Manomi da makiyayi, Musulmi da Kirista, mata masu zuwa ɗiban itace, duk hanya ɗaya kuke bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Jama'a, muna son tituna da ruwa da asibiti. Roƙonmu shi ne a ji ta bakinmu kafin a sa hannu, a bar mana hanyar gona da ta rafi.

Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.