Tambayar Da Wata Ɗaliba Ta Yi Mini Kan Labarin Achebe

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa. Da kwamiti ya nemi in yi jawabi, na daɗe ina tunanin abin da mutumin da ya shafe shekaru yana juya fayil a ofis zai faɗa a gaban waɗanda suka koya masa riƙe alƙalami. Daga baya na ce bari in ba ku labarin shekara ɗaya tak da na taɓa riƙe alli, wato shekarar bautar ƙasa, da wani gajeren labari da na koyar.

Labarin na Chinua Achebe ne, sunansa Marriage Is a Private Affair, wato aure sha'anin masu yin sa ne kawai. An fara buga shi a 1952, marubucin yana ɗalibi a Ibadan, shekara shida kafin Things Fall Apart. Daga baya ya fito cikin littafinsa Girls at War a 1972. Wani saurayi ne ɗan ƙabilar Ibo mai suna Nnaemeka, yana zaune a Legas, ya ga Nene, malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibibio, ya ce ita zai aura. Ashe can ƙauye mahaifinsa Okeke ya riga ya zaɓa masa Ugoye, 'yar maƙwabcinsu. Tsoho ya ce sam. Ba yarensu ɗaya ba, sannan a fahimtarsa ta addinin Kirista bai dace mace ta koyar ba. Da aka aika masa hoton biki sai ya yanke gefen amarya ya mayar musu. Shekara takwas yana fushi, har ranar da Nene ta rubuto masa cewa jikokinsa biyu maza suna roƙon a kai su su ga kakansu. A daren nan, ruwan sama na zuba, barci ya gagare shi don tsoron kada ya mutu bai gyara ba.

To, ni na shiga aji da amsata a aljihu: uba ya yi kuskure, ƙabilanci ba shi da kyau, shi ke nan. Yara kuwa suka ba ni abin da nake so. Kowa ya ɗaga hannu yana tsine wa Okeke. Na ji daɗi, na ɗauka darasi ya shiga. Sai kashegari na tambaye su wane ne a cikinsu zai iya kawo matar da ba ta jin yarensu gida, ya ce wa mahaifinsa an riga an gama magana. Aji ya yi tsit. Can wani yaro ya ce, “Malam, ai namu daban ne.” Nan na gane cewa laifi tudu ne. Sun yi saurin yanke wa tsohon hukunci ne saboda yana nesa da su, ba garinsu ba, ba addininsu ba. Ni ma haka na yi.

Sai muka koma muka sake karanta Okeke a hankali. Ba mugu ba ne. Da dattawan gari suka ba shi shawarar a nemi boka a juyo da hankalin ɗan, ƙi ya yi. Mutum ne da ya ga abin da bai taɓa faruwa a garinsu ba ya fara daga gidansa, kuma ya yi imani ɗansa ya kama hanyar halaka. Wanda bai ji tsoron tsohon nan ba, ba zai gane nauyin daren ƙarshe ba.

Amma abin da ya kawo ni yau shi ne tambayar wata yarinya da ke zama a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba. Ta ce, “Malam, ita Ugoye fa, an tambaye ta?” Na duba littafi, na sake dubawa. Ko kalma ɗaya Ugoye ba ta furta ba a labarin. Uban ya yabe ta da tarbiyya da iya karatun Littafi Mai Tsarki, ɗan ya tuna ta a matsayin daƙiƙiya mai dukan yara maza a hanyar rafi, daga nan ba a sake waiwayarta ba. Nnaemeka namiji ne, yana da wurin zama a Legas, da ya ƙi sai ya hau mota ya koma. Ita ina za ta je? Na karanta labarin nan ya fi sau goma, wallahi ban taɓa lura ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Da yawanmu a wannan zaure 'ya'yan auren haɗin iyaye ne, kuma gidajen sun zauna lafiya. Zaɓin iyaye daban, auren dole daban, abin da ya raba su shi ne tambayar da yarinyar nan ta yi. Malamanmu na addini sun karantar da mu hadisin Khansa'u bint Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Na san hadisin tun ina wannan makaranta, amma ban kawo shi aji ba, domin a raina labarin Achebe na wasu mutane ne can kudu.

Na yi wa yarinyar alkawarin za mu tattauna tambayarta bayan hutu. Da aka dawo, kujerarta babu kowa. Ƙawayenta suka ce an ɗaura mata aure. Ko da sonta ne ko ba da sonta ba, Allah ne masani, ni dai ban tambaye ta komai ba lokacin da take gabana.

Saboda haka ina roƙon malaman Turanci na yanzu, in kun zo kan wannan labari, ku sa kowane ɗalibi, mace da namiji, ya rubuta wasiƙar da Ugoye za ta rubuta wa mahaifinta, kuma ku zauna ku karanta abin da suka rubuta da idon basira. Ni kuma na ɗauki nauyin kwafi ashirin na Girls at War ga ɗakin karatu, zan damƙa su ga sakatare kafin a tashi.