Ƙusar Ɗinkin Ƙarfe

Jama'a, kaka ta yi. A-kori-kura da amalanke suna ta jigilar gero da gyaɗa zuwa kasuwannin Ɗambatta da Bichi. Sau da yawa mukan ga kwanon jikin mota ya ɓalle, ya farke buhu, hatsi na zuba a hanya. Wani lokaci ƙusar da aka ɗinke kwanon da ita ce ba daidai ba.

Wannan ƙusa tana da kai a gefe guda. Akan huda kwano biyu, a zura ta, a tokare kanta da guntun ƙarfe mai nauyi, a daki bakinta da guduma har ya baje.

Ga yadda za mu zaɓe ta. Kaurinta ya zama ninki 3 na kaurin kwanon. In kwano milimita 1 ne, ƙusa ta zama milimita 3. Tsawonta ya ratsa kwano biyun, ya yi saura kamar kaurinta ɗaya da rabi. Gajera ba ta kamawa, doguwa kuwa lanƙwashewa take yi.

Hujin ya yi mata daidai. In ya yi faɗi, girgizar hanya za ta kwance ta. Kada a huda dab da bakin kwano, a bar ninki 2 na kaurinta, don kada ya yage.

To, in mun kai gyara, mu tsaya mu auna tare da maƙeri. Lissafin da muke koya a aji, ga ranarsa.