Ƙofar Fita Ta Fi Ƙofar Shiga Muhimmanci

Mutumin Argungu ya san taro. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, dubban masunta riƙe da homa da gora suna jiran alama a bakin kogin Matan Fada, ga 'yan kallo maƙil. Wanda ya saba ganin haka ya san cewa taron da ba a tsara ba yana iya kisa.

Filin ƙwallo ma haka yake. Ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko a Accra, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Mutane suka ruga neman hanya, suka tarar da ƙofofi a garƙame. Rai 126 suka salwanta, akasari a turmutsutsun matakala.

A filayenmu da yawa, ƙofa ɗaya ake buɗewa saboda tikiti, sauran an danna musu kwaɗo, makullin yana aljihun wanda ba a san inda yake ba. Mai tsaron ƙofa kuwa dorina kawai aka ba shi. Wannan ganganci ne. Aikin yana buƙatar mutum mai horo da riga mai sheƙi, wanda ya juya wa wasan baya yana duban jama'a, ya san adadin da rumfa za ta ɗauka.

Muna kira ga hukumar wasanni ta Jihar Kebbi: daga filin Haliru Abdu na Birnin Kebbi har filayen ƙananan hukumomi, kada a busa usur sai kowace ƙofa tana buɗe da mai tsaronta, motar asibiti kuma tana kusa.