Yadda Mai Karatu Ke Auna Littafi: Jawabin Buɗe Ɗakin Karatu

Gaisuwa da ban girma ga masu martaba sarakuna, da hukumomin gundumomin Madawa, Buza da Kaita, da malaman zaure da na boko, da iyaye maza da mata, da ɗalibai.

Auna littafi aiki ne da kowane mai karatu yake yi, ya sani ko bai sani ba. Kafin ya rufe shafin ƙarshe hukunci ya riga ya zauna masa a zuciya: wannan ya yi, wancan ɓata lokaci ne. Abin da ya raba gogaggen mai karatu da sabon shiga shi ne, gogagge yana iya faɗin ma'aunin da ya yi awo da shi, kuma in an miƙa masa wani littafin gobe, da ma'aunin nan zai sake aunawa. Maganar ta dace da wannan rana, domin ɗakin nan zai cika da littattafan da darajarsu ba ɗaya ba, kuma ba wanda zai tsaya bayan kowane yaro yana cewa ɗauki wannan, bar wancan.

Ɗan makarantar boko a Nijar ya tashi da maki bisa 20, ya san 10 ce iyakar tsallakewa. Mai wayar hannu kuma ya saba da taurari biyar, irin na Goodreads da aka kafa a 2007, wanda Amazon ya saya a 2013. Duka biyun suna da sauƙi, sai dai lamba kaɗai ba ta faɗin dalili. Wanda ya ba littafi tauraro ɗaya don bangonsa ya yage da wanda ya ba shi ɗaya don ya kama marubucin da ƙarya, in an haɗa lissafi nauyinsu guda.

Tun kafin waɗannan, malaman hadisi sun shimfiɗa tsarin da ya fi su zurfi, kuma har yau ana karantar da shi a zaurukan Adar da Gobir. Sun kasa ruwaya zuwa sahihi da hasan da da'ifi, suka ware ƙagagge gefe. Ba su tsaya ga sunayen matakan ba, sai da suka bayyana sharuɗɗa. Ibnus Salah, wanda ya rasu a 1245, ya tattara su a Muƙaddimarsa: isnadi ya sadu ba yankewa, mai ruwaya ya zama adali, ya zama mai kiyaye abin da ya ji, kada ruwayarsa ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi, kada kuma a sami wata ɓoyayyiyar illa. Saboda haka duk wanda ya ji hukuncin wani malami yana iya bin sawunsa, ya yarda ko ya ja da hujja. Ba wai a ɗauki sharuɗɗan hadisi a ɗora wa littafin labari ba. Abin koyi shi ne ɗabi'ar: a faɗi sharaɗi tukuna, sannan a yanke hukunci.

Tambayar farko da mai karatu zai yi ita ce, me littafin nan ya yi alkawarin bayarwa? A kasuwar albasa ta Madawa, buhu ɗaya yakan sami hukunci biyu. Ɗan kasuwar da zai loda mota zuwa Gana ko Abijan yana matsa wuyan albasar ya ji ko ta bushe, yana neman wadda za ta jure hanya ko ta yi watanni a rudu ba ta ruɓe ba. Matar da za ta ɗora tukunya da yamma, ɗanya ma ta ishe ta. Haka littattafai suke. Littafin *Sarraounia* na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, ƙagaggen labari ne da aka gina kan turjiyar sarauniyar Lugu ga rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Marubucin yana da damar sa wa mutanensa magana a baki, kuma ƙarfin labarin ne ya sa Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. Shi kuwa littafin Djibo Hamani kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, na 1975, ba shi da wannan dama: kowace magana sai da madogara, ta baka ko rubutacciya. Wanda ya rage wa Mamani maki don ya ƙawata zance ya yi zalunci, haka ma wanda ya rage wa Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa a yau, don littafinsa ba ya sa bugun zuciya.

Bayan wannan sai gaskiya, kuma a nan mutanen yankin nan suna riƙe da abin da baƙon masani ba shi da shi. An yi rubutu da yawa, akasari da Faransanci da Ingilishi, kan layukan bedi da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da kan Furojen Kaita da ya soma a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na FAO da PAM. Cikin waɗannan akwai littafin Benedetta Rossi na 2015, wanda ya bi tarihin aiki da bauta da agaji a Adar. Ɗalibar da mahaifiyarta ko kakarta ta ɗauki duwatsu a ka a aikin gina-ka-ci tana da hanyar gwaji a cikin gida. Ta karanta babi ɗaya, ta fassara wa tsohuwar da dare, ta saurari inda za ta ce haka aka yi da inda za ta girgiza kai. Littafin da ya faɗi daidai a kan abin da mai karatu ya sani ya cancanci a amince masa a kan abin da bai sani ba. Wanda ya yi kuskure a sunan ƙauye ko lokacin shuka, a bi sauran maganarsa da hattara.

Harshe ma abin dubawa ne, musamman yanzu da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Gwajinsa gajere ne: a karanta shafi da ƙarfi a gaban wanda bai shiga boko ba. In ya bi zancen ba tare da an tsaya ana yi masa fashin baƙi ba, Hausar ta zauna.

Akwai abubuwan da ke karkatar da awo. Sunan marubuci yana ciki, da kaurin littafi, da kunyar saɓa wa jama'a. Shekaru da dama ana raina littattafan soyayya na Kano a dunƙule, alhali a cikinsu akwai *Alhaki Kwikwiyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990 ya kuma zayyana halin matar da miji ya wulaƙanta da ƴaƴanta yadda ba kowane littafin nazari ya iya ba. Akwai kuma marasa kan gado birjik. Karatu ne kaɗai ke rabe su, ɗaya bayan ɗaya. Haka nan son zuciya ba laifi ba ne muddin an ambace shi: mai karatu yana da ikon cewa littafi ya ginu da kyau amma bai kwanta masa ba, ya rubuta hukuncin biyu daban.

Hukunci kuma yana sauyawa da shekaru. Gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, amma ba duka suka yi farin jini ɗaya ba: *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun fi *Idon Matambayi* yawo a hannun jama'a nesa ba kusa ba. Yaron da ya karanta *Ruwan Bagaja* don dariyar Malam Zurƙe, in ya koma masa da furfura wani abin zai gani. Shi ya sa ake son a rubuta kwanan wata kusa da kowane maki, kada kuma a goge tsoho in an ba da sabo.

Abin da ake roƙon kowane ɗalibi da zai riƙa shiga ɗakin nan kaɗan ne. Ya ware littafin rubutu guda, ya ba kowane littafin da ya gama shafi ɗaya: suna, marubuci, ranar gamawa, maki bisa 20 ko taurari yadda ya ga dama, sannan layi uku na dalili. Malamai su riƙa duba waɗannan shafuka suna tambayar dalilin, ba tare da sun canza makin ba. Iyaye kuma su bar ƴaƴansu mata su zo su ari littafi kamar yadda maza za su zo.

Allah ya sa albarka a wannan ɗaki da masu shigarsa.